Filin Tambayoyin Masu Karatu: "Malam, na daina shiga mutane"

Wasiƙu biyu muka ɗauko a wannan fitowa, ɗaya daga Jigawa ɗaya daga Kano. Masu su ba su san juna ba, amma ciwo ɗaya suke kuka da shi. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayensu.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Na gama sakandare amma ban samu Turanci da Lissafi ba, na sake zama ban dace ba, sai na tafi ci-rani Legas. Na yi shekara biyu na dawo ba tare da wani abin kirki ba, alhali cikin waɗanda muka tafi tare wani ya sayi babur, wani ya yi aure. Bayan dawowata aka yi taron matasan garinmu a kan gyaran rijiyar burtsatse, aka ce ni da na yi boko in tashi in karanta takardar da za a kai wa kansila. Da na miƙe sai gabana ya faɗi, bakina ya bushe, takardar tana rawa a hannuna, na kasa wuce layi na biyu. Wani ya jefo magana aka fashe da dariya, na koma na zauna.

Yau wata takwas ke nan, kuma tun daga ranar na janye jikina. Ina fita gona tun da duhu-duhu don kada in haɗu da kowa. Idan na hango majalisa a gindin darbejiyar da ke gaban mai shayi, sai in bi ta lungu. Masallaci a makare nake zuwa in tsaya a sahun baya, liman yana sallamewa in ɗauki takalmina. An ɗaura auren babban abokina ban je ba. Da dare ina ɗaki ina duba waya har ƙarfe ɗaya. Mutane suna cewa Legas ta sa mini girman kai, Innata kuma tana zargin sammu aka yi mini. Ni kuwa na san ba girman kai ba ne, gani nake ban kai kowa ba, kuma duk abin da zan faɗa shirme ne. Malam, haka Allah ya halicce ni, ko akwai mafita?

Daga wani ɗanka a ƙasar Ringim.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yaye maka, ya kuma saka maka da alheri da ka fito da maganar, domin akwai matasa da yawa a garuruwanmu da suke cikin irin halinka ba su sami bakin faɗa ba.

Amsar tambayarka tana cikin wasiƙarka. Wanda ya bar ƙauyensu ya shekara biyu a Legas cikin mutanen da bai san harshensu ba, yana neman abinci da hannunsa, ba a halicce shi da tsoron mutane ba. Kuma da 'yan garinku ba su ga ka isa ba, da ba kai za su miƙa wa takardar ba. Abin da yake damunka yana da ranar da ya fara, ka ma faɗi watanninsa, kuma abin da aka koya a cikin wata takwas ana iya warware shi.

Wasu za su ce maka kunya ce, don haka ka bar ta tunda kunya tana daga imani. Ban yarda da wannan fassara ba. Kunyar da addini da al'ada suka yaba ita ce wadda take hana mutum aikata abin ƙi, ta sa ya rusuna wa babba, ya yi wa suruki kara. Wadda take hana mutum zuwa ɗaurin auren abokinsa, ta kore shi daga sahun gaba, wannan tsoro ne. Hausawa suna cewa tsoro na daji, kunya na gida, kai kuwa tsoron da ya kamata ya tsaya a daji shi ne ya biyo ka har cikin gari.

Abin da jikinka ya yi ranar taron nan sananne ne ga likitoci. Idan mutum ya ji yana cikin haɗari, jikinsa yakan saki wani sinadari mai suna adrenalin, sai zuciya ta ƙara bugu don ta tura jini ga hannuwa da ƙafafu, yawu ya ƙafe, zufa ta keto, gaɓoɓi su ɗauki rawa. An shirya wannan ne domin ranar da mutum zai yi kiciɓis da kububuwa a gindin dami, sai dai jiki ba ya bambance wannan haɗari da idanun jama'a idan sun yi caa a kan mutum. Yana faruwa ga limamai a huɗubarsu ta farko, yana faruwa ga malaman makaranta da 'yan siyasa, kuma ba ya nuna komai game da hankalin mutum ko darajarsa.

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne lungun nan da kake bi. Ka tuna yadda abin yake: ka hango majalisa, ka ji muryoyi, gabanka ya fara faɗuwa, ka karkata ka shiga lungu, nan take ka ji wani sanyi ya sauka a ranka. Wannan sanyin shi ne takin da tsoron yake girma da shi. Duk ranar da ka kauce, zuciyarka tana ɗaukar darasin cewa lallai akwai haɗari a gindin darbejiyar kuma kaucewa ce ta cece ka, alhali ba ka ba ta damar ganin cewa da ka bi ta gabansu ka yi sallama, amsawa kawai za su yi su ci gaba da hirarsu. Shi ya sa abin da ya fara da tsoron magana a taro ya yaɗu ya cinye majalisa, ya cinye ɗaurin aure, yanzu yana neman masallaci. Haka kuma jiran da kake yi wai sai ranar da ka ji ƙarfin gwiwa sannan ka fita, jira ne da ba shi da ranar ƙarewa, domin ƙarfin gwiwa a bayan aiki yake tafe. Sai ka yi abin gabanka yana faɗuwa, ka ga ka fita lafiya, sannan zuciya take yarda.

Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Albert Bandura, wanda ya koyar a jami'ar Stanford ta Amurka, ya yi aiki da mutanen da tsoron maciji ya hana su sakat, har wasu ba sa iya ratsa ciyawa. Bai zaunar da su yana yi musu nasiha ba. Ya sa sun fara kallon macijin da ba shi da dafi daga nesa, sannan su ga wani yana riƙe da shi, sannan su matso kusa, sannan su taɓa shi da safar hannu, har da yawansu suka kai ga ɗaukarsa da hannunsu. Daga baya aka lura cewa wasunsu sun ƙara kuzari a wasu al'amuran rayuwarsu da ba su shafi maciji ba. A 1977 ya bayyana cewa yardar mutum da iyawarsa daga wurare huɗu take fitowa: abin da ya yi da kansa ya ga ya iya, ganin wani irinsa ya yi, ƙarfafawar da mutane suke yi masa da baki, da kuma yanayin da jikinsa yake ciki. Na farkon ya fi sauran ƙarfi. Wannan ne dalilin da ya sa ba zan cika ka da kirari ba, domin ko na ce maka kai gwarzo ne, kafin ka isa gindin darbejiyar maganata ta bi iska. Abin da zai zauna a ranka shi ne abin da ƙafarka ta taka.

Ka fara daga masallaci, tunda dama kana zuwa. Ka zaɓi sallah ɗaya, a ce Magariba, ka ƙudurta cewa idan liman ya sallame ba za ka tashi ba sai ka gama tasbihi, ka miƙa hannu ga na damanka da na hagunka, sannan a bakin ƙofa ka gaida dattijo ɗaya gaisuwa cikakkiya. Ka lura na ambaci lokaci da wuri da abin da za ka yi, domin niyyar "zan riƙa shiga mutane" ba ta da makama, amma wadda aka ɗaure ta da sallamar liman tana da abin da zai tuna maka da ita kullum. Mu Hausawa kuma Allah ya yi mana wata gata da ba kowace al'umma take da ita ba: gaisuwarmu a shirye take tun kafin a haife mu. Ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya aikin gona, ina ruwa, a ce maka ruwa ya yi gyara. Ba ka buƙatar ƙirƙiro ko kalma ɗaya, babu kuma inda za ka yi shirme a ciki. Wanda yake jin tsoron bakinsa zai kulle, babu makarantar da ta fi masa wannan.

Idan ka yi mako ɗaya ko biyu a haka, ka ji abin ya fara zame maka jiki, sai ka daina bin lungu. Ka bi ta gaban majalisa ka yi sallama da muryar da za a ji, ka wuce abinka. Bayan wasu kwanaki ka tsaya ka sayi shayi kofi ɗaya, ka zauna a bakin benci, da sharaɗin ba za ka tashi ba sai ka shanye, wayarka kuma tana cikin aljihu. Ina gaya maka tun yanzu cewa gabanka zai faɗi, wataƙila kofin ya yi rawa a hannunka, kuma wani zai ce, "A'a, yau mutanen Legas ne a majalisa?" Ka ce, "Wallahi kuwa, na daɗe ban leƙo ba," ka ci gaba da shan shayinka. Tsoro yana da iyaka, yakan hau ya kai inda zai kai sannan ya fara sauka da kansa, amma wanda ya tashi tun yana hawa ba ya taɓa ganin saukarsa. Ba a ce sai ka yi magana ba a zaman farko. Aikinka shi ne sauraro, kuma ka ɗora wa kanka cewa idan ka koma gida za ka iya faɗin abu uku da aka tattauna. Amfanin wannan shi ne mai irin damuwarka yakan zauna cikin mutane hankalinsa duka yana kan kansa, yana auna muryarsa da zamansa da yadda ake kallonsa, to idan ka ba hankalin aikin bin hirar wasu, sai ya rage tsaron da yake yi maka. Ranar da ka ji za ka iya buɗe baki, ka fara da tambaya: nawa buhun riɗi ya kai a Gujungu, wane taki ne ya fi karɓar gonar wane. Babu manomin da ba ya son a tambaye shi abin da ya sani.

Akwai wata ƙofa da na fi yarda da ita fiye da majalisa, ita ce ta aiki. Na koyar shekaru a firamare a ƙauye, kuma ba na manta wani yaro da ya shekara guda a ajina ban ji muryarsa ba. Idan na kira sunansa sai ya sunkuyar da kai ya riƙa murza gefen rigarsa. Lallashi bai yi ba, faɗa ma ya ƙara kulle shi. Sai na ba shi aikin buga ƙararrawa, wato wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da muka rataye a reshen bishiya. Kullum da safe shi zai ɗauki guntun ƙarfe ya buga, yara su taho a guje saboda bugunsa. Bayan wasu makonni ya fara zuwa yana tambayata a hankali, "Malam, lokaci ya yi?" Wannan ce maganarsa ta farko da ni. Kafin ƙarshen zangon ya karɓi aikin raba alli, daga baya har yana kiran sunayen 'yan aji. Abin da na koya daga gare shi shi ne, mutumin da yake da aikin yi a cikin taro ba ya jin kansa a tsakiyar idanu, domin yana da dalilin tsayuwarsa a wurin. Saboda haka idan an yi ɗaurin aure ko suna, ka riga mutane zuwa ka taya shimfiɗa tabarmi, ka karɓi rabon goro da dabino. Idan an yi rasuwa ka je maƙabarta ka karɓi diga, ka sa kafaɗa a makara. Idan an kira gayya ka ɗauki fartanyarka. A waɗannan wurare babu wanda zai nemi ka yi jawabi, kuma 'yan garinku za su ga da idonsu cewa mai girman kai ba ya haƙa kabari.

Abokinka da aka ɗaura wa aure ba ka je ba, kada ka bar wannan ya kwana da yawa. Ka same shi shi kaɗai, ka riƙe ɗan abin da ya sawwaƙa, ka ce masa, "Na yi maka laifi, wani hali nake ciki na rashin son shiga mutane, ba raini ba ne." Ba sai ka ƙara a kan haka ba. Zumunta a ƙafa take, kuma ina kyautata zaton shi ne zai zama mai raka ka majalisa. Ka duba Suratu Ɗaha daga aya ta 25: lokacin da aka aiki Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, zuwa ga Fir'auna, ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirjinsa, ya sauƙaƙa masa al'amarinsa, ya warware ƙullin da ke harshensa don a fahimci maganarsa, nan take kuma ya roƙi a ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna. Ka riƙe wannan addu'a kafin ka fita, ka kuma lura cewa Annabi guda bai ga aibu ba a neman abokin tafiya.

Game da dariyar da aka yi maka, ba zan ce maka an manta ba, domin na san ƙauye. A jami'ar Cornell ta Amurka, Thomas Gilovich da abokan aikinsa sun sa ɗalibai sun sanya riga mai hoton wani mawaƙi da suke jin nauyin a gan su da ita, suka shiga ɗakin da wasu ɗalibai suke zaune. Masu rigar sun zaci kusan rabin mutanen ɗakin sun lura da hoton, da aka tambaya sai aka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. An buga binciken a 2000, kuma yana nuna cewa mutum yakan zuzuta yawan kallon da ake yi masa. To amma ƙauye ba jami'a ba ne, kowa ya san kowa, magana tana daɗewa, wani lokaci har ta zama laƙabi. Duk da haka ka duba abin da kai da kanka ka rubuta: mutane ba cewa suke yi ka kasa karatu ba, cewa suke yi kana da girman kai. Wato abin da yake bakinsu yanzu shi ne rashin ganinka, kuma wannan kana da ikon gyara shi daga gobe. Shi kuwa wanda ya jefo maganar, bai kyauta ba, kuma da ni ne shugaban taron da na tsawatar masa na ce ka ci gaba.

Dare shi ne lokacin da irin wannan ciwo yake yin ɓarna, domin a nan mutum yake kwanciya yana bitar abin da ya faɗa da rana yana tsintar kurakurai. Ka sami ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kafin ka fita ka rubuta abin da kake zaton zai faru, misali "za su yi mini dariya idan na yi sallama", da ka dawo ka rubuta abin da ya faru a zahiri. Bayan wata guda ka karanta daga farko, za ka ga sau nawa zatonka ya tabbata. Wayar kuma ka ajiye ta bayan Isha'i kaɗan. Abin da kake gani a Facebook da TikTok na sa'o'inka, ranar da suka yi ado suka jingina da mota ce kawai, ba sa ɗora hoton ranar da suka kwana da yunwa a ƙarƙashin gada, kuma kai da ka zauna a Legas ka fi ni sanin haka. Rashin barci shi kansa yana ƙara faɗuwar gaba washegari. Maganar jarrabawa ba ta rufe ba, WAEC da NECO duka suna shirya ta masu zaman kansu, amma ka bar ta zuwa lokacin da ka ɗan dawo hayyacinka.

Za ka so ka san tsawon lokacin da abin zai ɗauka. A wani bincike da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, wanda aka buga a 2010, an bi mutum 96 da kowannensu ya ɗauki wani sabon abu zai riƙa yi kullum. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zame musu jiki kwana 66 ne, amma an ƙiyasta wani zai kai a kwana 18 wani kuma sai kwana 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci a gare ka, domin akwai ranar da za ka sake bin lungu. Idan ta zo kada ka ce ka koma gidan jiya, washegari ka bi ta gaban majalisa. Ya tabbata a hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Innarka kuma kada ka yi jayayya da ita. Uwa ce ta ga ɗanta ya sauya ba ta san dalili ba, ta kama abin da ta sani. Ka zauna kusa da ita ka gaya mata abin da ya faru a taron da yadda kake ji, ka roƙe ta ta ci gaba da yi maka addu'a. Amma ina so ka auna kanka da gaskiya a kan abu ɗaya. Idan ban da gudun mutane kana kwana kana wuni cikin baƙin ciki kusan kullum har fiye da mako biyu, abinci ya fita ranka, barci ya lalace, abin da kake jin daɗinsa a da ya daina yi maka daɗi, ko kuma tunanin gara mutuwa yana zo maka, to wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani kamar yadda hawan jini yake da shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka je babban asibitin da ya fi kusa da ku ka faɗa wa likita kamar yadda ka faɗa mini. Akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Idan tunanin cutar da kanka ya zo, a ranar za ka gaya wa Inna ko abokinka a tafi da kai. Ina kuma roƙonka da girman Allah, duk wanda ya miƙo maka tiramol ko wata ƙwaya ya ce za ta cire maka tsoron mutane, kada ka karɓa. Na ga matasan da suka shiga ta wannan ƙofa suna neman ƙarfin gwiwar awa biyu, suka rasa shekarunsu.

Ka sake rubuto mini bayan kaka, ka gaya mini kofi nawa ka sha a gindin darbejiyar. A lokacin za mu yi maganar yadda za ka koma gaban taron matasa da takarda a hannu, domin ina so ka koma.

TAMBAYA

Malam, ina gaisuwa. Shekarata 19, an kawo ni aure wani ƙauye a ƙasar Rano wata goma sha huɗu da suka wuce, gidan yawa ne mai faccaloli huɗu. A gidanmu ina hira da dariya, amma a nan idan na fito tsakar gida sai in ji kamar kowa ni yake kallo, in yi sauri in gama abin da nake yi in koma ɗaki. Yanzu suna kirana miskila. Na haihu wata uku da suka wuce, abin kuma sai ƙaruwa yake yi. Me zan yi?

Daga 'yarka a ƙasar Rano.

AMSA

'Yata, Allah ya raya abin da aka samu. Kunyar amarya abu ne mai kyau kuma kowa yana tsammaninta, sai dai tana da wa'adi, kuma idan ta wuce wa'adinta mutanen gida sukan fassara ta da raini ko da babu shi a ran mai ita. Kallon da kike ji ana yi miki, a farkon zuwanki gaskiya ne, domin baƙuwa ce ke. Yanzu kuwa kowace cikinsu tana fama da tukunyarta da 'ya'yanta, kuma kowace da kike gani ta saki jiki, ita ma wata rana a lulluɓe aka shigo da ita gidan.

Abin da na faɗa wa ɗan'uwanki na Ringim ya shafe ki, sai dai ke majalisarki tana tsakar gida. Gaisuwar uwar miji da safe, ki daina yinta a tsaitsaye. Ki shiga da jaririn ki miƙa mata shi, ki zauna har ta gama yi masa wasa. Goyo yana buɗe hira ba tare da kin nemo abin faɗa ba. Aikin da kike ɗauka ki shiga da shi ɗaki, irin su gyaran wake da tsinke zogale, ki fito da shi inuwar da suke zama. Idan kin ji ana surfe ko daka, ki ɗauki taɓarya ki karɓi wata, gwargwadon abin da jikinki zai iya bayan haihuwa. Cikin faccalolin nan huɗu ki duba wadda ta fi sakin fuska ki fara da ita kaɗai, ki tambaye ta yadda take haɗa miyarta ko yadda ake yi wa yaro idan yana kukan dare, domin wadda aka nemi saninta ba ta cika riƙe mutum a rai ba. Idan akwai Islamiyyar matan aure a garin, ki nemi izinin maigidanki ki shiga, ki kuma gaya masa halin da kike ciki, kada shi ma ya ɗauka ƙin danginsa kike yi. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Sai dai maganarki ta cewa abin ya ƙaru bayan haihuwa ta tsaya mini a rai. Akwai ciwon damuwa da yake kama wasu mata a watannin da suka biyo bayan haihuwa, kuma a garuruwanmu sau da yawa ana ɗaukarsa iska ko shagwaɓa. Idan kina yawan kuka ba dalili, ko ba kya iya barci ko da yaron ya yi barci, ko kina jin ba ki iya komai ba a matsayin uwa, ko kina jin yaron ya fita ranki, wannan ba laifinki ba ne kuma ana warkewa. Ranar da za ki kai shi rigakafi, bayan an gama yi masa allura, ki ce wa ma'aikaciyar jinya kina da magana ke kaɗai, ki faɗa mata duk abin da kika rubuto mini.